Sharaɗi ɗaya a cikin kwantiragi: Willie Nelson da faifan Red Headed Stranger

A farkon shekarar 1975 aka kai wa manyan kamfanin Columbia a New York naɗin sabon faifan wani mawaƙi da suka ɗauka 'yan watanni kafin nan. Suka kunna, suka kasa kunne. Abin da ya fito shi ne muryar ɗan Teksas mai bi ta hanci, da jita mai tsirkiyar nailan, da fiyano jefi-jefi, ganga kuwa sai ka natsu kafin ka ji ta. Wasu waƙoƙin ba su kai minti biyu ba, akwai ma waɗanda ba su cika minti ɗaya ba. Bruce Lundvall, babban jami'in kamfanin, ya ɗauka naɗin gwaji ne, irin wanda mawaƙi kan yi don a ji kamannin waƙa kafin a shiga aikin gaske. Aka ce masa ai aikin ke nan, an gama.

Mawaƙin shi ne Willie Nelson, yana gab da cika shekara 42. Faifan kuma shi ne Red Headed Stranger, wato baƙo mai jan gashi. Da shekara biyar baya ne, da magana ta ƙare a wurin: a tura naɗin zuwa birnin Nashville, a zuba masa goge da 'yan amshi, mawaƙi ya so ko ya ƙi. A wannan karon kamfanin ba shi da wannan iko, saboda wani sharaɗi da shi da kansa ya sa wa hannu. Yadda Nelson ya samo sharaɗin nan, da abin da ya yi da shi da ya samu, su nake son mu bi daki-daki.

Shekarun Nashville

An haifi Nelson a ƙauyen Abbott na jihar Teksas ranar 29 ga Afrilu, 1933. Kakanninsa ne suka rene shi tare da yayarsa Bobbie, su ne kuma suka sa musu kiɗa a hannu, shi jita, ita fiyano. Ya yi aikin gabatar da shiri a ƙananan gidajen rediyo, ya yi tallan littattafai gida-gida, da dare kuma yana waƙa a mashaya. Babu ta kai shi ga sayar da waƙarsa "Family Bible" a kan dala 50, "Night Life" kuma a kan dala 150. A 1960 ya tattara ya nufi Nashville ta jihar Tennessee, cibiyar kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka.

Cikin shekara guda alƙalaminsa ya yi suna. A 1961 Faron Young ya kai "Hello Walls" matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri da suka fi tashe, Patsy Cline ta rera "Crazy", Billy Walker ya rera "Funny How Time Slips Away". Duk rubutun Nelson ne. Sai dai shi ba rubutu kaɗai ya kawo shi ba, yana son a ji muryarsa. Ya ɗan taɓa nasara a kamfanin Liberty a 1962, sannan a 1964 ya shiga RCA, inda zai yi kusan shekara takwas.

Ba za a gane abin da ya same shi a RCA ba sai an san yadda Nashville take aiki a lokacin. A tsakiyar shekarun 1950 kiɗan rok ya kwashe matasa, kasuwar kantiri ta yi ƙasa. Mutum biyu suka fi kowa nemo mafita, Chet Atkins a RCA da Owen Bradley a Decca. Suka rage kukan gogen ƙauye da gunjin jitar ƙarfe, waɗanda mutanen birni ke ganin ƙauyanci ne, suka kawo taron goge irin na manyan zaurukan kiɗa da 'yan amshi masu sanyin murya. Dabarar ta ci. Duk wanda ya taso yana jin Jim Reeves a rediyo ko a kaset a Kaduna ko Jos ko Kano, wannan sautin ne ya shiga kunnensa: murya mai taushi a gaba, goge da amshi shimfiɗe a bayanta. Reeves mawaƙin RCA ne, Atkins ne kuma furodusansa.

Tsarin aikin kamar na masaƙa yake. Furodusa ma'aikacin kamfani ne, shi ke da ta cewa a kan waƙar da za a naɗa, da makaɗan da za a kira, da ɗakin da za a shiga. Zama ɗaya awa uku ne, ana son a fitar da waƙa uku ko huɗu a cikinsa. Makaɗan 'yan ƙalilan ne, su ne a faifan wannan, su ne a faifan wancan, gwanaye na gaske da kan ji waƙa sau ɗaya su kama. Makaɗan da mawaƙi ke yawo da su gari-gari kuwa, galibi a waje ake barin su. Kuɗin duk wannan hidima daga kason mawaƙin ake cirewa kafin ya ga ko sisi.

Nelson bai dace da wannan tsari ba. Ba ya bin kiɗa ƙafa da ƙafa. Yakan ja baya har ka ce kiɗan ya tsere masa, sai ya tattaro kalmomin ya cim masa a ƙarshen baiti, wani lokaci kuma shi ne zai riga kiɗan isa. Sauraron Frank Sinatra ya bar masa wannan a harshe, gwanin jita Django Reinhardt kuma ya bar masa nasa a yatsu. Makaɗin da ya yi shekaru tare da shi ya san inda zai sauka. Wanda aka haɗa su yau da safe, ga agogo na gudu, ba shi da lokacin koyo, don haka mafi sauƙi shi ne a lulluɓe muryar da kayan ado. Faifai fiye da goma ya yi wa RCA daga 1965 zuwa 1972, ba a samu waƙa ɗaya a cikinsu da ta shiga goman farko ba. Alhali a Teksas, inda yake hawa dandamali da nasa makaɗan, wuraren rawa cika suke yi.

Ba na jin adalci ne a mai da Chet Atkins mugun wannan labari. Mutum ne da ya san kiɗa ciki da bai, ya kuma san darajar rubutun Nelson, shi ya sa ya ɗauke shi tun farko. Hanyar da ta yi wa Reeves aiki ita ya sani, ita ya yi ta gwadawa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 1971 Nelson ya yi Yesterday's Wine, faifan da ke bin rayuwar mutum guda daga haihuwa zuwa kabari. Masu tallan kamfanin ba su san yadda za su sayar da shi ba, faifan ya kwanta.

Austin da Atlantic

Gab da ƙarshen zamansa a Tennessee, a wani watan Disamba, gobara ta cinye gidansa na Ridgetop. Cikin abin da ya tsira da shi har da jitarsa ƙirar Martin N-20 da ya saya a 1969, wadda ya raɗa wa suna Trigger. Ya kwashi iyali da makaɗa suka zauna na ɗan lokaci kusa da garin Bandera a Teksas. A 1972 ya tare a Austin gaba ɗaya. A watan Agustan shekarar ya yi wasa a zauren Armadillo World Headquarters, inda ɗaliban jami'a masu dogon gashi da makiyaya masu malafa, waɗanda a da ba sa ga maciji, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna sauraronsa. A 1973 ya fara shirya taron kiɗa na ranar 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, dubban mutane suka hallara a Dripping Springs. A riƙe wannan, domin shi ne jarin da zai yi ciniki da shi nan gaba: ya tara jama'ar da ba kamfani ne ya tara masa ba.

Mutum biyu suka shigo a wannan gaɓa. Na farko Neil Reshen, ɗan New York mai taurin ciniki, manajan abokinsa mawaƙi Waylon Jennings, shi ne kuma ya raba Nelson da RCA. Na biyu Jerry Wexler na kamfanin Atlantic, furodusan da ya yi aiki da Ray Charles da Aretha Franklin. Wexler ya ji Nelson yana rera sababbin waƙoƙinsa a wani zaman dare a gidan marubucin waƙa Harlan Howard a Nashville, ya ɗauke shi a sabon sashen kantiri da Atlantic yake buɗewa.

A Fabrairun 1973 Nelson ya shiga ɗakin naɗin Atlantic a New York tare da nasa makaɗan, ya kuma aika aka zo da Bobbie ta zauna a fiyano. Daga nan Shotgun Willie ya fito. Sai Phases and Stages a 1974, wanda Wexler ya naɗa a Muscle Shoals ta jihar Alabama: labarin mutuwar aure, fuska ɗaya ta faifan daga bakin matar, ɗaya fuskar daga bakin mijin. Masu sharhi sun yaba, ciniki ya fi na RCA. Amma sashen kantirin bai kawo wa Atlantic kuɗin da yake so ba, a watan Satumbar 1974 aka rufe shi.

Ana yawan tsallake wannan zango idan ana ba da labarin, a ganina kuwa shi ne makarantar. A Atlantic ne Nelson ya ji da kunnensa yadda faifai ke fita idan makaɗansa ne a ɗaki. A can ne kuma ya tabbatar cewa faifai mai labari ɗaya daga farko har ƙarshe yana iya samun masu saye, abin da Yesterday's Wine ya sa aka yi shakka a kai.

Kwantiragin

Da Atlantic ya rufe ƙofa, Reshen ya zauna da Columbia. Abin da ya fito da shi shi ne yarjejeniyar da ta ba Nelson cikakken iko a kan aikinsa. Shi zai zaɓi waƙa, shi zai zaɓi makaɗa da ɗakin naɗi, shi ne furodusan kansa, abin da ya miƙa kuma shi za a buga ba tare da an taɓa ba. Mawaƙan rok sun riga sun saba da irin wannan. A kantiri baƙon abu ne, ko da yake Reshen ya riga ya ƙwato wa Jennings kwatankwacinsa daga RCA.

Me ya sa Columbia ya yarda? Ba kyauta ba ce. Mutumin yana da jama'a a Teksas, faifansa biyu na baya sun ja hankalin jaridun rok, kuma ba Columbia kaɗai ke iya ɗaukarsa ba. Ga alama kuma manyan kamfanin sun ɗauka cewa wanda aka ba iko zai yi amfani da shi ne ya ƙara, ya nemi ɗaki mafi tsada da makaɗa mafi yawa. Ba su kawo a ransu cewa ragewa zai yi ba.

Kwana kaɗan a Garland

Faifan ya samo asali ne a mota. Nelson da matarsa ta lokacin, Connie, suna dawowa Teksas daga hutu a Kolorado, yana tunanin abin da zai kai wa sabon kamfani, sai ta tuna masa da wata tsohuwar waƙa, "Red Headed Stranger". Edith Lindeman da Carl Stutz ne suka rubuta ta a 1953, Arthur Smith ya naɗa ta. Nelson ya sha sa ta a shirinsa na rediyo a Fort Worth a shekarun 1950, yakan kuma rera wa 'ya'yansa ita lokacin barci. Shawarar ita ce a ɗauki wannan waƙa guda a gina mata gaba da baya: wane ne baƙon nan, me ya fito da shi daga gida, ina ya ƙare. Kafin su iso gida ƙashin labarin ya haɗu.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne ƙanƙantar abin da Nelson ya rubuta da kansa. Mutumin da duk Nashville ta san shi da alƙalami ya rubuta "Time of the Preacher", wadda ke dawowa sau uku kamar mai ba da labari yana gyara zama, da wasu 'yan gajeru irin su "Denver" da kiɗan rufewa mai suna "Bandera". Sauran duk tsince-tsince ne daga abin da ya taso yana ji: tsohuwar waƙar Eddy Arnold, da ta Fred Rose, da ta Hank Cochran, da ta Scotty Wiseman, da waƙar coci, har da wani kiɗan rawa na Juventino Rosas ɗan Meziko. Kowacce ya ajiye ta a inda za ta ɗauki sabuwar ma'ana daga maƙwabciyarta.

Mai busa masa harmonika, Mickey Raphael, shi ya nuna masa wani sabon ɗakin naɗi, Autumn Sound, a garin Garland kusa da Dallas, inda aka fi yin waƙoƙin talla. A watan Janairun 1975 suka shiga, injiniya Phil York yana kan na'ura. Bobbie a fiyano, Paul English a ganga, Bee Spears a jitar bes, Jody Payne da Bucky Meadows a jita, Raphael da harmonikarsa. Nelson yakan rera waƙa shi da Trigger, sauran su saurara, wanda ya ga gurbin da ya dace da shi ya shiga, wanda bai gani ba ya yi shiru. A wurare da dama shirun ne ya yi rinjaye. Cikin kusan mako guda aka naɗa aka tace. Kuɗin ɗakin ya kama kimanin dala 4,000, hidimar gaba ɗaya kuma wajen dala 20,000. Waƙa da kiɗa goma sha biyar ne, tsawonsu duka bai wuce minti talatin da 'yan kai ba.

Kunnen Bahaushe ba zai yi mamakin wannan ba. Wanda ya san abin da Ɗan Maraya Jos ya yi da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya san cewa idan labari ne a bakin mawaƙi, yawan kayan kiɗa tare masa hanya yake yi. A Nashville ta 1975 kuwa, faifan da ba a cika shi da kaya ba ana ganin ba a gama shi ba ne.

Labarin da ke ciki

An ajiye labarin a yammacin Amurka a 1901. Wani mai wa'azi ne matarsa ta bar shi ta koma wa wanda ta taɓa so. Ya bi sawunsu, ya same su a mashaya, ya harbe su duka biyu. A daidai nan, bayan an zubar da jini, Nelson ya ajiye "Blue Eyes Crying in the Rain". A asalinta waƙar rabuwar masoya ce kawai. A wannan gurbin ta zama kukan mutumin da ya kashe abin da yake so da hannunsa, ba kuma zai sake ganinta ba a duniya. Ba a canza mata kalma don ta dace da labarin ba, wurin zamanta ne ya canza ta. Daga nan sai ya hau baƙin dokinsa yana jan dokin matarsa a baya, gari zuwa gari. Wata mace ta kai hannu ga dokin marigayiyar, ita ma ya harbe ta, aka kuma sake shi, domin a dokar wancan wuri ɓarawon doki jininsa ya halatta. A fuska ta biyu ya isa Denver, ya haɗu da wata mace, suka yi rawa, kiɗan ya sassauta, labarin ya gangara zuwa tsufa da natsuwa.

Ba zan ɓoye ba, wannan labari yana damuna duk lokacin da na saurare shi. Mata biyu sun mutu, ba a ji ta bakin ko ɗaya ba, wanda ya kashe su kuma ya samu salama ba tare da ya tsaya gaban alƙali a kan matarsa ba. Tsofaffin waƙoƙin kisan kai na karkarar Amurka haka suke, daga cikinsu Nelson ya ɗebo. Abin da zan iya faɗa a kan yadda ya rera shi ne bai yi wa mutumin kirari ba. Muryar a kwance take, babu taƙama, babu kuka, kamar mai ba da shaida. Da an zuba goge a bayan wannan kisa, da gogen ya gaya wa mai sauraro ya tausaya. Da aka bar wurin fayau, sai aka bar mai sauraro da abin da ya ji, shi zai yanke hukunci. A nan ne na ga rashin kayan adon ya tashi daga batun tsimin kuɗi ya zama batun gaskiyar aikin.

Taƙaddama da sakamako

Reshen ne ya kai naɗin New York, Waylon Jennings yana tare da shi. Da Lundvall ya kawo shawarar a tura shi Nashville a gyara, Jennings ya tashi ya gaya masa baƙar magana, ya ce ba shi da kunnen jin kiɗa. A Nashville ma ba a karɓe shi hannu biyu ba. Billy Sherrill, babban furodusan kamfanin a can, ya ji shi kamar abin da aka naɗa a falon gida.

Sherrill ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ya yi "Stand by Your Man" da Tammy Wynette a 1968, shi ya yi "Behind Closed Doors" da Charlie Rich a 1973, shi ke naɗa George Jones. Ma'auninsa rediyo ne, kuma a kan wannan ma'auni ya sha yin daidai. Idan ka jera faifan Nelson da abin da gidajen rediyon kantiri ke sawa a wannan shekara, dole ka ce ba zai shiga ba. Kuskurensu ɗaya ne: sun auna abin da mutane ke saye, ba su auna abin da mutane suka fara gajiya da shi ba. Nelson kuwa kowane dare yana gaban jama'a, yana ganin waƙar da ke sa zaure ya yi tsit.

Gardamar ba ta je ko'ina ba, tunda takarda ta riga ta yanke. Kamfanin ya buga faifan yadda aka kawo shi, a watan Mayun 1975. Arhar aikin ma ta taimaka, domin ko ya faɗi asarar ba mai yawa ba ce.

Aka fitar da "Blue Eyes Crying in the Rain" ita kaɗai don rediyo, waƙar da ba ta kai minti biyu da rabi ba. A watan Oktoba ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri na mujallar Billboard, ta kuma kai na 21 a jerin waƙoƙi na gaba ɗaya. Ita ce ta ɗaya ta farko da Nelson ya samu da muryarsa, shekara goma sha biyar bayan isarsa Nashville. Waƙar ba tasa ba ce. Fred Rose ne ya rubuta ta, Roy Acuff ya naɗa ta a shekarun 1940, su biyun kuma su ne suka kafa Acuff-Rose a 1942, kamfanin buga waƙoƙin da kasuwar Nashville ta ginu a kansa. Wato abin da Nelson ya guda a garin salon aiki ne na wani zamani, tsohon kiɗan garin kuwa yana nan a jininsa. "Remember Me" ta biyo baya ta kai na biyu. Faifan kansa ya hau na ɗaya a jerin kantiri, na 28 a jerin gaba ɗaya. A 1976 Nelson ya karɓi kyautar Grammy ta farko a rayuwarsa, faifan ya samu shaidar zinare saboda yawan cinikinsa, zuwa 1986 kuma an tabbatar ya sayar da kwafi miliyan biyu. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar da shi cikin naɗe-naɗen da ake adana wa ƙasa.

RCA bai tsaya kallo ba. A Janairun 1976 ya buɗe rumbunsa ya ɗebo tsofaffin naɗin Nelson, ya haɗa da na Jennings da Jessi Colter da Tompall Glaser, ya fitar da Wanted! The Outlaws. Shi ne faifan kantiri na farko da aka ba shaidar sayar da kwafi miliyan ɗaya. Sunan "'yan tawaye" da aka liƙa wa wannan rukuni na mawaƙa ya zama hajar talla, duk da cewa tawayen nasu a kan takardar kwantiragi aka yi shi.

Da wuya a ce sauya kamfani kaɗai ne ya kawo wannan. Nelson ya sauya kamfani sau da dama kafin ya shiga Atlantic, ba abin da ya canza, domin ko'ina tsarin ɗaya ne. Da wuya kuma a ce sharaɗin kaɗai ne. An ba mawaƙa da yawa irin wannan iko bayansa, wasu suka ƙone kuɗi a ɗakin naɗi na wata da watanni suka fito da abin da ba a tunawa. A hannun Nelson ikon ya tarar da abubuwa uku a shirye: makaɗan da suka san numfashinsa, jama'ar da ke jiransa, da shekara ashirin na sanin waƙar da ta dace da bakinsa. Ya daɗe da sanin faifan da yake son yi, izini ne kawai ba shi da shi.

Karo na biyu

Sharaɗin ya sake fuskantar gwaji bayan shekara uku. Kamfanin yana jiran ƙarin waƙoƙin 'yan tawaye, tunda su ke ciniki. Nelson ya ce tsofaffin waƙoƙin soyayya na zamanin iyayensa zai rera, irin su "Georgia on My Mind" da "Blue Skies", furodusa kuma Booker T. Jones, baƙar fata gwanin kiɗan sol na Memphis, wanda suka yi maƙwabtaka a Malibu. Manyan Columbia a Nashville suka ce zai kori matasan da ya sha wahalar tarawa. Ya naɗa abinsa a ƙarshen 1977 cikin 'yan kwanaki, da makaɗansa na kullum. Stardust ya fito a Afrilun 1978, waƙoƙin nan biyu duk suka hau na ɗaya, faifan ya yi shekara goma a jerin faifan kantiri na Billboard. Nelson ya zauna a Columbia har 1993.

Makaɗan da suka shiga ɗakin Garland tare da shi, akasarinsu ba su rabu da shi ba. Bee Spears yana riƙe da bes har rasuwarsa a 2011. Paul English, wanda suka fara kiɗa tare tun a Fort Worth a shekarun 1950, yana cikin tawagar har ya rasu a 2020. Bobbie ta zauna a fiyanon ƙanenta kusan shekara hamsin, ta rasu a watan Maris na 2022 tana da shekara 91. Mickey Raphael, wanda ya shiga tawagar a 1973, ya haura shekara hamsin yana tsaye a gefensa da harmonika.